Kunkurun gida ba ya kuka, sai an duba shi

A aikinmu na likitancin dabbobi a ƙasar Mirya, daga Hamdara har ƙauyukan da ke kan hanyar Gidimuni, akwai dabba guda da ba a cika kiranmu dominta ba. Akuya ta ƙi kiwo da safe, kafin azahar an turo yaro. Rago ya fara gudawa, maigida da kansa zai hau babur. Amma kunkurun da ke bayan rumbu, wanda wani lokaci ya girmi duk yaran gidan, sai ya daɗe yana ciwo ba wanda ya lura. In an tuna da shi a ce ai haka yake, ba ya son motsi. Galibi sai mun zo duba tumaki muke hango shi, mu tambaya, sannan a ce, "Af, likita, ai kuwa ya kwana biyu bai ci komai ba."

Babban kunkurun da ake ajiyewa a gidajen Damagaram, mai launin rairayi da ƙaho-ƙaho a cinya, ɗan ƙasar nan ne. Asalinsa wannan yanki na Sahel, daga Senegal har Habasha, kuma shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ƙaton namiji yana iya kusantar kilo 100, kuma yana iya haura shekara 70 in ya sami kulawa. Wannan tsawon rai ne ya sa mutane ke ɗauka ba ya ciwo. Da wani irinsa ya mutu a fadar sarkin Ogbomosho a Nijeriya cikin Oktoba 2019, an yi ta cewa shekararsa 344, ko da yake masana sun ce irin wannan kunkuru ba ya kaiwa ko kusa da haka. Amma kunkuru yana ciwo, yana jin zafi, yana kuma mutuwa da ƙuruciya in an yi sakaci. Sai dai komai nasa a hankali yake tafiya, har cutar. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar kunkuru ba ta ba da labari. Dole sai mai shi ya san halinsa na yau da kullum, sannan zai gane ranar da ya sauya.

Abu na farko da ke ruɗa mutane shi ne ɓuyan bazara. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kunkuru yakan shige raminsa ya rage ci, ya rage fita, yana jiran damina. Wannan ba ciwo ba ne, halittarsa ce. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Ku ɗaga shi, in ƙarami ne, ko ku ja ƙafarsa ta gaba a hankali, in babba ne. Mai lafiya za ku ji shi da nauyi, zai fizge ƙafar da ƙarfi ya shige ƙoƙonsa, har ku ji ya yi huci, wanda iska ce kawai ke fita don ya sami wurin shigar da kai. In ya tashi tafiya, yakan ɗage cikinsa daga ƙasa. Mara lafiya kuwa ƙafafunsa na reto, wuyansa ya saki, yana jan ciki a ƙasa, kuma za ku ji shi sakayau fiye da yadda kuka saba. Da za ku riƙa ɗora shi a sikelin awon hatsi sau ɗaya a wata kuna rubutawa, da kun riga ni gano ciwon, domin ƙoƙo yana ɓoye rama.

Sai hanci da baki. Hancin kunkuru mai lafiya a bushe yake. In kun ga majina, ko kumfa na fitowa daga hanci, ko yana miƙa wuya yana buɗe baki don ya shaƙi iska, ko kuna jin ƙara-ƙara a numfashinsa, to ciwon ya kama hanyar huhu. Wannan ya fi yawa a hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare ke sauka digiri 15 ko ƙasa da haka, ga ƙura. Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. A daji rami ne ke kare shi daga sanyi da zafi duka. A gidan da aka shafe tsakar gida da siminti, ba shi da inda zai haƙa, sai ya kwana a fili cikin iska. Abin da ya sa ciwon huhu ke da haɗari gare shi kuwa, ba ya iya tari. Majinar da ta taru a huhunsa ba ta da hanyar fita. Kafin likita ya zo, ku shigar da shi ɗaki da dare, ku shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, da hantsi ku fito da shi ya sha rana inda akwai inuwar da zai koma. Kada ku ajiye shi kusa da murhu ko kaskon wuta, hayaƙin zai ƙara masa, kuma yana iya ƙonewa bai matsa ba.

Ido ma yana magana. Idon da ya kumbura ya rufe, ko yake fitar da ruwa mai kauri, yana nuna ƙwayar cuta ko ƙarancin bitamin A. Idon da ya faɗa ciki kuwa ƙishirwa ce.

A kan ƙishirwar nan nake so in daɗe, domin ita ce ta fi kashe kunkuru a gidajenmu, kuma ita ce aka fi musu a kanta. Kullum ana ce mini kunkuru ba ya shan ruwa. Gaskiya ne a daji yana iya daɗewa bai sha ba, amma can yana cin ɗanyar ciyawa da damina, yana adana ruwa a mafitsararsa, sannan ya shige rami mai laima wanda zurfinsa kan kai mita biyu ko uku. A gida mun hana shi ramin, mun ba shi busasshen abinci, sannan muka ce ba ya shan ruwa. Ku lura da farin abin da ke fita tare da fitsarinsa. In yana fita da laushi kamar kindirmo, lafiya lau. In ya koma gari-gari mai tsakuwa, jikinsa ya fara bushewa. In aka ci gaba a haka, farin abin nan yakan dunƙule a mafitsara ya zama dutse, kuma wannan nau'in kunkuru ya yi suna wajen wannan ciwo. Alamarsa ita ce yawan yunƙuri ba abin da ke fita, jan ƙafafun baya, da ƙin abinci. Dutsen da ya girma sai hoto ke nuna shi, sai aiki ke fitar da shi, kuma irin wannan aiki ba a ƙauye ake yinsa ba. Maganin tun farko bai fi ƙarfin kowa ba: faffaɗan kasko mara zurfi da ruwa a ciki kullum, sannan sau biyu ko uku a mako a zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na kamar minti 20, ruwan kada ya wuce haɓarsa. A tsaya a kansa har a gama. Wannan kunkuru ba kififiyar tabki ba ne, ba ya iyo, yana nutsewa.

Abinci kuma, yawancin abin da muke ba shi don ƙauna shi ke cutar da shi. Ragowar tuwo, ƙanzo, dusa, shinkafa da mai, duk ba cimarsa ba ne. Cikinsa na ciyawa ne. A ba shi ciyawa ɗanya da busasshiya ta zama ita ce mafi yawa, a ƙara da ganyen zogale, ganyen dankali, ɗan kabewa ko karas jefi-jefi. Harawa kaɗan, kada ta zama abincin kullum. A riƙa barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa, don ƙashi. Ƙaramin kunkurun da aka rufe a ɗaki ba rana, ana ba shi tuwo, ƙoƙonsa zai yi laushi har ku danna ya lotsa, ko ya girma da tudu-tudu maimakon ya yi sumul. Wanda ya riga ya karkace ba ya komawa daidai. Sannan leda. Kunkuru yana haɗiye duk abin da ya ji ƙanshin abinci a jikinsa, kuma yadda leda ke toshe cikin akuya haka take toshe nasa. In ya daina kashi alhali yana ci, ku fara tunanin leda ko yashi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Don Allah, kada ku yi wa kunkuru allurar tsutsa da kaska ta awaki da tumaki, wato ibamektin, wadda aka fi sani da Ivomec. A jikin akuya magani ce mai kyau. A jikin kunkuru guba ce. Tun 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka tabbatar da haka: maganin yana shiga ƙwaƙwalwarsa, ya shanye masa gaɓoɓi, har numfashi ya gagara. An taɓa kirana wani gida a gabashin Hamdara, na tarar da wani dattijo zaune kusa da kunkurunsa, wanda ya ce tun mahaifinsa na da rai yake gidan. An yi wa tumaki allura, ragowar da ta rage a kwalba sai aka ce bari a taimaka wa kunkuru, tunda an ga kaska a wuyansa. Washegari ya kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, wa ya ba ku shawarar wannan allura?" Ya ce, "Ɗana, ba kowa, tausayi ne." Mun yi ta ba shi ruwa muna ɗumama shi, amma bai tashi ba. Dattijon nan bai yi don mugunta ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. In kunkuru na da tsutsar ciki akwai maganin da ya dace da shi, amma likita ne zai auna nauyinsa ya ƙayyade.

Kaskar kuwa da hannu ake cire ta. Ku duba hammata, gindin wuya da gindin wutsiya, ku kama ta da hantsaki dab da fata ku ja a hankali, ku shafa Betadine da aka sirka da ruwa, ku ƙone kaskar. Ba kalanzir, ba baƙin mai, ba maganin feshin gona. Cire ta yana da amfani ga garkenku ma, domin wasu kaskokin da ke maƙale wa kunkuru suna ɗauke da cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu. Saboda wannan ne Amurka ta hana shigo da irin wannan kunkuru ƙasarta a shekarar 2000.

Ƙoƙon bayansa ba dutse ba ne. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, akwai jini da jijiya a ciki. Huda gefensa don a ɗaura igiya azaba ce, kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta. In amalanke ta taka shi ko kare ya cije shi ya tsage, ku wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, ku rufe da tsumma mai tsabta don ƙuda, ku nemi likita a ranar. Kada a liƙe da siminti ko gam, ruɓa za a rufe a ciki. Da damina ƙuda kan yi ƙwai a ciwo, kafin a ankara tsutsa ta cika shi, don haka duk wari ko ruwa da ke fita daga ƙoƙo abin dubawa ne. Haka in kun ga jan nama ya fito ta duburarsa ya ƙi komawa, ku lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma kada ya bushe, kada ku tura da ƙarfi. Macen da ke ta haƙa tana bari, tana yunƙuri ba ta ci, mai yiwuwa ƙwai ne ya tsaya mata, kuma tana yin ƙwai ko ba namiji a gidan. A ja wa yara kunne su daina kifar da shi a bayansa. In ya kife a rana bai iya juyawa ba, zafi na iya kashe shi kafin la'asar.

Lafiyarku ma tana ciki. Kunkuru, ko mai ƙoshin lafiya, yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa, wadda ke sa zawo da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru saboda yawan yaran da suka kamu. Ba sai kun rabu da shi ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a raba kaskonsa da kwanukan gida, a hana shi zuwa madafa da wurin da jariri ke rarrafe.

Wannan dabba tana ƙarewa a daji. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi a jerin waɗanda ke cikin haɗarin ɓacewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don ciniki. Ragowar da muke da su suna wurare irin gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, yayin da kiwo da gonaki suka cinye inda suke zama da. Don haka in an kawo muku ƙarami a kasuwa, kada ku saya, sayenku ne ke sa a koma a kamo wani. Wanda ya gaji da nasa kuma kada ya kai shi daji ya sake, musamman mai majina, domin zai kai wa na dajin cutar. A tuntuɓi jami'an gandun daji.

Ƴan uwa masu kunkuru a gida, yau ku je ku duba hancinsa da idonsa, ku ja ƙafarsa ku ji ƙarfinta, ku ajiye masa ruwa, ku bar masa kusurwar da zai haƙa rami. In kun ga ɗaya daga cikin alamun nan, ku je ofishin kiwo mafi kusa da ku, a Hamdara ko Mirya ko Zinder, ku faɗa wa likita tun yaushe ya daina ci da kuma duk maganin da aka riga aka ba shi.