Darasin Juma'a: Wa ke tsoron wa a unguwarmu?

 

Darasin wannan makon ya samo asali ne daga abin da ya faru a layin da ke bayan masallaci mako biyu da suka wuce. Da yawanmu mun ji labarin, wasu ma sun ƙara masa gishiri, don haka ga yadda abin yake. Wani dattijonmu mai sayar da goro, wanda ya haura shekara talatin a layin, ya fito da asuba zai zo jam'i, sai ya tarar da sabon get ɗin ƙarfen da aka sa a bakin layin a kulle. Maigadi ya ce an umarce shi kada ya buɗe sai ƙarfe shida, sannan ya tambayi Baba lambar gidansu da sunan mai gidan. Da Hausa yake masa tambayar fa, domin yaron ɗan Arewa ne irinmu, watansa huɗu da zuwa Ikko. Kafin a gama ja-in-ja har an sallame salla. Baba bai zagi kowa ba. Abin da ya ce mana kawai shi ne, a layin da ya aurar da 'ya'ya uku yau ake tambayarsa shi wane ne.

Kwamitin masallaci ya je ya sami waɗanda suka sa get ɗin. Yawancinsu sababbin 'yan haya ne a benayen da aka gina inda a da gidajen ɗaki-ɗaki suke. Sun ce sau biyu ana cire musu batirin mota da dare, an yanke wayar janareta, kuma an fizge wa wata mata waya da magariba. Mun bincika, ba ƙarya suka yi ba, tsoro suke ji da gaske. Mu ma muna da namu tsoron, sai dai namu na takardar notis ne da ƙarin kuɗin haya. Kowane ɓangare yana cewa "tsaro", amma abin da yake nufi daban ne. Wannan shi ne abin da muke son mu fahimta yau.

Mu ba baƙin jiya ba ne

Yaranmu da aka haifa a nan ya kamata su san wannan. Goro da jirgin ƙasa su suka kawo kakanninmu Agege. Layin dogo daga Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 1901, bayan kamar shekara goma ya isa Kano. A lokacin Agege gonaki ce ta koko da goro. Fatake suka riƙa sauka suna sayen goro suna lodawa zuwa Arewa, wurin saukarsu ya zama Zango, aka yi Sarkin Hausawa, aka yi masallatai da makarantun allo. Daga baya harkar shanu da mahauta ta Oko-Oba ta ƙaro jama'a. A cikin shekarun 1950 Shehu Adamu al-Ilori ya dawo da Markaz ɗinsa nan, Bayarabe da Bahaushe suka zauna aji ɗaya. Ke nan mun fi shekara ɗari a wannan gari.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A cikin wannan shekara ɗarin, kaɗan ne daga cikinmu suka mallaki fili da takarda. Yawancinmu haya muke yi, kuma da baki aka ƙulla ta, tsakanin iyayenmu da tsofaffin masu gidajen da suka san juna, suka ci goron sunan 'ya'yan juna. Kuɗin da muka samu gida muka tura, can muka yi gini. Wannan ba laifi ba ne, amma yana da farashi, yanzu muke biya.

Me ya canza?

A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema. A watan Yuni na shekarar jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a kan sabon layi, da tasha a nan Agege. A 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari mai jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Dukkanmu mun ji daɗin waɗannan abubuwa, wanda ya sha cunkoson Pen Cinema a da ba sai an gaya masa ba. To amma ma'aikacin da hayar Ikeja ta fi ƙarfinsa shi ma ya gano cewa daga nan minti kaɗan ne zuwa ofis. Da masu neman gida suka yi yawa, sai fili ya yi daraja.

A daidai wannan lokacin tsofaffin masu gidajen suna rasuwa. Magada goma sun gāji gida ɗaya, hayar ɗakuna goma sha biyu ba ta isa a raba. Sai mai gina gidaje ya zo ya ce su sayar masa, ko kuma su ba shi ya rushe ya yi bene, ya karɓi haya na wasu shekaru sannan ya mayar musu. Magajin da ya girma a wani wuri bai san Baba mai goro ba, lissafi kawai yake gani. Gidan da iyali goma sha biyu suke ciki sai ya koma fulat shida, kuma ko ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan hayar ba zai iya kama guda ba. Haka mutanenmu suke ta matsawa Agbado da Sango Ota da Ifo, suna zuwa kasuwa daga nesa. Ku duba sahun asuba, za ku ga gurbin waɗanda suka tafi.

Legas ta saba wannan. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta rushe Maroko, ta tashi dubban ɗaruruwan talakawa, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a jihar. Namu ba da katafila ake yi a rana ɗaya ba, gida-gida ake yi, shi ya sa ba ya shiga labarai.

Yadda tsoro yake zaɓar fuska

Sabon ɗan haya ya biya kuɗi masu yawa, ya shigo da mota da kaya. Ya leƙo ta taga da dare sai ya ga samari a teburin mai shayi, ga 'yan acaba a kwana, ga mai tura kurar ruwa, ga wasu kwance a barandar shago. Bai san sunan ko ɗaya ba, ba ya jin yarensu. Ranar da aka sace batirinsa, wa kuke ganin zai fara zargi? Ɓarawon ya riga ya tafi, su kuwa suna nan a gabansa. Alhali mu mun sani mai shayin nan da fitilarsa har ƙarfe biyun dare ya kori ɓarayi fiye da get. A lokacin kullen korona na 2020, da 'yan daba suka addabi Agege da kewaye, ai tare muka kwana a titi muna gadi, Bahaushe da Bayarabe da Ibo. Sabon zuwa bai ga wannan ba, kuma babu wanda ya ba shi labari.

Idan aka zauna taron masu gidaje da 'yan haya na layi, wato CDA, aka kawo maganar tsaro, abin da ake yankewa shi ne a sa get, a tashi mai shayi, a hana acaba shiga, a hana kwana a shago. Duk a kanmu yake faɗawa, kuma ba ma wurin. Mun duba littafin taron layin da abin ya faru, a shekara guda babu sunan mutum ɗaya daga cikinmu. An aiko takardar gayyata, mun ce muna kasuwa. Wanda ba ya nan aka yi rabo, ai sai abin da aka ba shi.

Tsoron da ba a yi maganinsa ba kuwa mun san inda yake kaiwa. Dattawa suna tuna Idi-Araba a 2002. Mun ga Mile 12 a 2016, mun ga Fagba a nan kusa da mu a 2020. Irin wannan wuta daga ƙaramin saɓani take tashi, sai jita-jita ta hura ta. Labarin Baba kansa, kafin azahar ya shiga WhatsApp a matsayin wai an hana Musulmi salla. Ba haka aka yi ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Wanda ya tura saƙon da bai tabbatar ba yana da kaso a duk abin da ya biyo baya.

Namu laifin

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai abubuwan da muke yi da suke ba maƙwabta dalilin tsoro. Mota ta sauke yaro daga Arewa da dare, babu wanda ya san garinsu ko wanda ya aiko shi, sai mu bar shi ya kwana a shago ko a masallaci wata da watanni don kawai yana jin Hausa. Wasu masu sayen ƙarfe suna karɓar batir da wayar wuta da murfin kwalbati ba tare da tambayar inda aka samo ba. Muna ganin masu sayar da ƙwaya a lungu mu kawar da kai, wai kada a ce mun tona asirin ɗan'uwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma idan aka zo kame ba a tambayar wane ne mai laifin, duk mai hula ake kwasa.

Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa a cikin waɗanda za a kyautata wa, kuma malamai sun bayyana cewa wanda ba Musulmi ba yana ciki. Hadisi ingantacce ya nuna imanin mutum bai cika ba matuƙar maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. Ke nan matar da ke saman bene tana tsoron fitowa da magariba, tana da haƙƙi a kanmu ko da ba ta taɓa gaishe mu ba. Haka nan lasifikarmu. Kiran salla dole ne, amma wa'azin kaset da ƙarfi har tsakar dare ba dole ba ne, kuma hukumar kula da muhalli ta jiha tana rufe coci da masallaci a kan ƙara.

Abin da doka ta ba mu

Da yawa suna kwashe kaya da zarar ejan ya ɗaga murya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta shafi Agege, kuma ga abin da ta tanada idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce daban. Mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi. Mai biyan wata uku ko wata shida, notis ɗin wata uku. Mai biyan shekara, notis ɗin wata shida. Bayan ya ƙare akwai wata takardar ta kwana 7, sannan mai gida ya je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire rufi ko ƙofa, ko kawo 'yan daba su watsar da kaya, laifi ne da ake hukuntawa. Ba a yarda a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya ba, kuma wajibi ne a ba ka rasit. Idan ƙarin haya ya wuce hankali kana iya kai ƙara. Akwai kuma Cibiyar Sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta jiha, wadda ke zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta.

Sai dai mu lura, doka ba ta hana mai gida sayar da gidansa ba, lokaci take ba ka da mutunci. Kuma wanda ya tara bashin haya ya raunana kansa da kansa. Duk wannan kariya da rasit take aiki, wanda ba shi da takarda bakinsa kawai zai kai kotu.

Abin da kwamiti ya yanke

Na farko, mun buɗe rajista a ofishin masallaci. Duk baƙon da zai wuce kwana uku a masallaci ko a shago, a kawo shi a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa. Na biyu, kowane layi zai fitar da mutum biyu masu jin Yarbanci ko Turanci su riƙa halartar taron CDA, kuma mu biya kuɗin gadi kamar kowa, mu karɓi rasit. Na uku, duk wanda bai yi katin zama ɗan jiha na LASRRA da lambar NIN ba ya yi. Na huɗu, idan abu ya faru a kira 112 ko 767, a sanar da Malam Liman ko fadar Sarkin Hausawa, kada kowa ya tara samari. Na biyar, 'yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa su fara tunanin haɗa kuɗi a sayi gida a nan da takarda cikakkiya, ko don limami da makarantar yara.

Game da get kuwa, alhamdulillahi an sasanta. An ba ladan makulli ɗaya, ana buɗewa ƙarfe biyar saura kwata, mu kuma mun ɗauki nauyin fitila biyu a bakin layin. Shugaban taron nasu ya zo har rumfar Baba ya ba shi haƙuri, Baba ya ba shi goro. Amma a layin nan dai akwai gida biyu da aka riga aka ba notis, iyali goma sha ɗaya, kuma har yanzu ba su san inda za su nufa ba. Mai labarin ɗaki ya sanar da ofis.

Ranar Lahadi bayan la'asar za mu zauna a harabar masallaci. Kowa ya zo da rasit ɗinsa na haya da duk takardar da aka ba shi, za a sami mai karanta wa wanda ba ya karatun boko. Iyaye mata su ma a gaya musu, an tanadi wurinsu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti