A Ba Matashi Mai Naƙasa Shaidar Abin da Ya Iya

Iyaye a Magaria da Dungass, ku dubi yaronku kurma ko gurgu da ya kai shekara goma sha biyar: wace shaida ke hannunsa ta abin da ya iya? Sau da yawa babu, sai tausayi, tausayi kuwa ba ya buɗe shago.

A Birtaniya akwai lambar yabo ta Duke na Edinbara, wadda aka kafa a 1956, yanzu kuma ake bai wa matasa masu shekara 14 zuwa 24. Ba gasa ba ce. Kowa da burin da ya ɗaukar wa kansa ake auna shi, a hidimar jama'a, motsa jiki, koyon sana'a da tafiya. Wannan tsarin mai gari ma zai iya kwaikwaya.

Ku zauna da yaron ya zaɓi abu ɗaya da bakinsa, ko da hannunsa in kurma ne: ɗinki, gyaran salula, kiwon akuya, matsar man gyaɗa. A sa wa'adin wata shida. A sami tela ko malamin cibiyar koyon sana'a ya riƙa rubuta ci gabansa a littafi. Kada ku manta da abin da ake rainawa: ƙirga canji, zuwa kasuwa shi kaɗai. Ƴan mata kuma, su aka fi ɓoyewa a ɗaka, sai a fara da su.

Ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, a miƙa wa yaron takardar shaida a gaban jama'a da hatimin magajin gari. Kyautar da za a haɗa masa da ita ta zama kayan aiki, almakashi ko ƴar akuya, don kuɗi a hannu cefane ke cinye su.