Darasi a Kan Baisaki, Bikin Kakar Alkama

Mai karatu, a watan Afrilu manomin Tasawa da na Mayahi yana sharar gona, yana duban gabas ko hadari zai taso. A Panjab kuwa, can arewacin Indiya, lokacin ne alkama take nuna. Ran 13 ko 14 ga wata sukan yi biki, sunansa Baisaki. Ana kiɗa, samari suna rawa, 'yan Hindu kuma suna zuwa wanka a kogi.

Amma ga mabiya addinin Sik, ranar ta wuce zancen gona. A bikin 1699, a garin Anandpur, shugabansu Gobind Singh ya zare takobi, ya tambayi wa zai ba da kansa. Mutum biyar suka tashi ɗaya ɗaya. Dubi ko su wane ne: har da wanzami da mai ɗebo ruwa, a ƙasar da ake auna mutum da sana'ar gidansu. Bai kashe su ba. Da su ya kafa jama'ar Kalsa, waɗanda ba su aski.

Ranar bikin 1919, Janar Dyer na Ingila ya sa aka buɗe wa taro wuta a Amritsar. Turawa sun ƙidaya gawa 379. 'Yan ƙasa suka ce ta fi haka nesa.