DARASI: Israfi, Tabziri da Iƙtisadi, Daga Littafin Lugga Zuwa Kasuwar Kuala Lumpur

 

Darasinmu na wannan fitowa zai tsaya a kan kalmomi uku na Larabci: israfi, tabziri da iƙtisadi. Za mu fara da lugga kamar yadda mu ka saba, sa'an nan mu ɗauki kalmomin mu kai su Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Maleshiya, mu ga yadda su ke aiki a kasuwa da bakin kogi.

Israfi asalinsa haruffa uku ne, sinun da ra'un da fa'un, ma'anarsa ƙetare iyaka. Tabziri kuwa daga "bazru" ya fito, wato iri, domin mai yin sa ya yi kama da wanda ya ɗebi iri ya na watsawa ko'ina, a kan dutse da kan hanya, inda ba zai tsira ba. Daga nan Bahaushe ya samo "almubazzaranci". Malaman lugga sun bambanta su kamar haka: idan mutum ya kashe dukiya a inda ya dace amma ya wuce kima, ya yi israfi; idan ya kashe ta a inda bai dace ba sam, ko da kaɗan ce, ya yi tabziri. Wanda ya sayi sigari da sidi guda ya yi tabziri. Wadda ta dafa shinkafar mutum ashirin ga gida mai mutum takwas ta yi israfi, alhali shinkafa halal ce, kuɗin ma nata ne. An hana israfi wajen ci da sha a Suratul A'arafi aya ta 31, an kuma yi kashedi mai tsanani game da tabziri a Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27. A koma a karanta su tare da tafsiri.

Kalma ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa. Idan ku ka buɗe jaridar Larabci ku ka ga shafin kasuwanci da bankuna, sunansa iƙtisadi. Amma asalin kalmar "ƙasdu" ne, wato bin tsakiyar hanya, ba rowa ba ɓarna. Ashe Balarabe da ya tashi raɗa wa ilimin dukiya suna, sai ya kira shi tsakaitawa. Mu ma haka mu ka ce "tattalin arziki", tattali kuwa shi ne riƙon abu da kula don ya daɗe. Abin da masana ke ta taro a kansa yau, cewa a yi rayuwar da ba za ta cinye rabon 'yan baya ba, ya na nan kwance cikin kalmomin nan biyu tun kafin a haife mu.

To, mu je Kuala Lumpur. Sunan birnin a harshen Malay ya na nufin mahaɗar ruwa mai laka, domin an kafa shi wajen 1857 a inda kogin Klang da kogin Gombak su ka haɗu, lokacin da masu haƙar kuza su ka yada zango a wurin. A daidai mahaɗar nan aka gina masallacin da ake kira Masjid Jamek, aka buɗe shi a 1909. Birnin ya bunƙasa har ya gina tagwayen benayen Petronas, waɗanda daga 1998 zuwa 2004 babu ginin da ya kai su tsawo a duniya. Amma kogunan da su ka haifi birnin sai su ka koma kamar manyan gota: ruwan wanke-wanke, man suya, roba da kwalabe, duk can su ke ƙarewa. A 2011 gwamnati ta ƙaddamar da wani shiri da ta kira Kogin Rayuwa, na kimanin ringgit biliyan 4.4, domin tsabtace su. Cikin aikin har da kafa tarkunan tare shara a magudanan ruwa, da tarkunan tare maiƙo a wuraren sayar da abinci. Ku lura da wannan: biliyoyin kuɗi, wani kaso nasu ya tafi ne wajen kama abin da mai tuya ya zubar a bayan rumfarsa.

An kuma gwada doka. Daga 1 ga Satumba 2015 aka wajabta wa mazauna Kuala Lumpur da wasu jihohi su riƙa ware shararsu tun daga gida, takarda daban, roba daban, ƙarfe da kwalba daban, aka fara cin tara a Yunin 2016. A 2017 aka hana amfani da leda da mazubin abinci na soso irin waɗanda ba su ruɓewa a cikin birnin. Duk da haka mafi yawan sharar ƙasar juji ta ke tafiya, kuma babban kaso nata abinci ne.

Hukumar kula da shara ta ƙasar, SWCorp, ta ce a 2021 mutanen Maleshiya sun zubar da abinci kimanin tan 17,000 a kowace rana, kuma kashi 24 cikin 100 nasa, wajen tan 4,000, abinci ne da za a iya ci. Mu yi lissafi irin na kasuwa: tan 4,000 kilo miliyan 4 ne, wato nauyin buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 80,000, kullum. Hukumar ta kuma sha faɗin cewa a watan Ramadan abincin da ake zubarwa ya kan ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Watan da aka umurce mu da kame baki shi ne watan da bola ta fi ƙoshi. Wannan abin kunya ba na mutanen Maleshiya kaɗai ba ne, duk wanda ya taɓa leƙa bayan gidajenmu da safiyar azumi ya sani.

Abincin da aka zubar kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Ya na tafiya da ruwan da aka shayar da gonar, da takin, da man motar da ta ɗauko shi, da gawayin da aka dafa shi, da gumin uwar da ta tsaya a kan murhu da azumi a bakinta. Idan ya isa juji aka danne shi ba iska, sai ya ruɓe ya riƙa fitar da iskar da ake kira misen, wadda ta ke cikin masu ƙara wa duniya zafi, ruwansa mai wari kuma ya tsiyaya cikin ƙasa da rafuka.

A tsakiyar Kuala Lumpur akwai wata tsohuwar unguwar Malay mai suna Kampung Baru, tun wajen 1900 ta ke nan, da gidajenta na katako a ƙarƙashin inuwar dogayen benaye. Wanda ya san yadda Nima ke zaune kusa da unguwannin masu hali zai gane ta nan take. Ta yi suna da faten shinkafar da masallacinta ke rabawa kyauta da azumi, da kuma kasuwar buɗa-baki. Irin wannan kasuwa ta na ci daga la'asar zuwa magariba, da an sha ruwa sai ciniki ya mutu, abin da ya saura a tukwane kuma ba zai kwana ba. A 2016 wata ƙungiyar matasa Musulmi mai suna GEMA ta fara aiki a wannan kasuwa ƙarƙashin shirin MySaveFood. Tsarin ba shi da wuya. Su kan zagaya rumfuna su nemi yardar masu sayarwa. Bayan buɗa-baki su karɓi abin da ya yi kwantai, su duba lafiyarsa, su ɗora a sikeli su rubuta nauyinsa, su sake ƙulla shi da kyau, su kai masallatai da gidajen marayu da ɗalibai da mabuƙata a daren nan. Daga kasuwa guda aikin ya bazu zuwa kasuwanni masu yawa a faɗin ƙasar, har hukumomin gwamnati su ka shigo ciki.

Abubuwa biyu na ke so mu tsaya a kansu. Na farko dubawar da su ke yi kafin rabo. Talaka ba bola ba ne. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummuna ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Waakye da ya fara yami ba sadaka ba ne, cuta ce, mai kai wa makwabci irinsa ya nemi gafara.

Na biyu shi ne sikelin, kuma a ganina ya fi rabon muhimmanci. Rabo ya na ceton abincin yau ne kawai. Amma mai sayarwar da aka nuna mata a rubuce cewa kwana biyar a jere kilo shida na saura mata, ba ta bukatar wa'azi, gobe da kanta za ta rage awo, domin jarinta ne ke zubewa. Israfi ƙetare iyaka ne, wanda bai taɓa aunawa ba kuwa ina zai san inda iyakar ta ke? Shi ya sa Sunna ta zo da ma'auni. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Kada ku ɗauka olonka ake nufi. Mudun Annabi cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita guda ba, ruwan roba ɗaya ne da ɗan ƙari. Wanda ya buɗe famfon masallaci ya na alwala ya na gaisawa da jama'a, ya tara ruwan a bokiti rana ɗaya ya gani.

Wani zai ce: Malam, su masu arziki ne, mu da mu ke neman na koko da ƙosai me za mu zubar? Amsa ita ce israfi ba a auna shi da yawan dukiya, da buƙata ake auna shi. A bikin aure da suna da sadakar arba'in mu kan dafa don kada a ce mun gaza, washegari a kwashe tuwo da shinkafa a zuba a gota. Koko guda roba biyu, ƙosai roba ɗaya, sikari ma da tasa robar, alhali iyayenmu da kwano su ke zuwa, waakye kuma a ganye ake ƙulla shi. Duk robar nan gota za ta, daga gotar Nima zuwa Odaw, a Kumasi kuma zuwa rafin Aboabo. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ruwa ya cika Ankara, gidan mai ya kama wuta a Circle, mutane sama da 150 su ka rasu, Allah ya jiƙansu. Ruwan sama mai yawa ne ya sauka, gaskiya ne, amma ya tarar da hanyoyinsa a toshe. A 2014 kwalara ta kama mutane sama da 28,000 a Gana. Mai arziki idan ya yi ɓarna ya na da kuɗin da zai biya a kwashe masa ita zuwa nesa. Tamu ɓarnar a ƙofar ɗakinmu ta ke kwana.

Ga aikin da za a kawo a zama mai zuwa. Ɗaliban lugga su tasrifa "asrafa" da "bazzara" da "iƙtasada", madi da mudari'i da masdari da ismul fa'ili, su sa kowanne a jumla. Kowane reshe na ƙungiya kuma ya ari sikeli daga mai sayar da nama ko masara, ya zaɓi gidaje biyar da masu sayar da abinci biyu da su ka yarda, a auna abin da ya saura kowane dare har kwana bakwai, mai ciwuwa daban, wanda ya lalace daban. A nemi izinin masu gida da ladabi, kada a rubuta sunan kowa, lamba ta isa. 'Yan'uwa mata su jagoranci ɓangaren gidaje, domin su ne su ka san tukunya. Za mu buga sakamakon kowane reshe a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.