MALEJIN A-KORI-KURA: YADDA AKE GANE KUSKURENSA

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Daga cikin motocin da suka fito daga wannan masana'anta babu wadda ta yi wa manoma da 'yan kasuwa hidima kamar a-kori-kura. A kudancin Jihar Kaduna, ita da 'yan'uwanta na wasu kamfanoni sun daɗe suna kwasar citta da doya da masara daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Kafanchan da Kwoi da Kachia. Waɗanda suka rage a kan hanya sun tsufa, an sake musu taya da giyabos da aksali ba sau ɗaya ba. Abin da aka fi mantawa da shi a wajen gyara shi ne maleji, watau agogon da ke nuna wa direba gudun motarsa.

Dalilin da ya sa a damu

Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, da 80 a kan babbar hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke lura da bin wannan doka. Amma direba ba zai iya kiyaye iyakar da ba ya gani ba. Bugu da ƙari, nisan da mota ke ci bayan an taka birki yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa yakan ninka huɗu. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana jawo ƙarin kashi 21 cikin ɗari a nisan tsayawa. Ga motar da ke ɗauke da buhunan citta, ko wadda ta taso daga Jos tana gangaren Hawan Kibo, wannan bambanci ya isa ya jawo asarar rai. Saboda haka malejin da ke nuna ƙasa da gudun gaskiya shi ne mafi haɗari.

Yadda maleji ke aiki

A tsofaffin motoci, akwai wani ɗan ƙaramin giya na roba a bayan giyabos, daidai inda farfela ke fita. Wannan giya yana juya wata waya da ke cikin kebur, ita kuma ta hau har bayan agogon. A can wayar tana aiki biyu. Na farko, tana juya lambobin da ke ƙirga nisan tafiya. Na biyu, tana juya wani maganaɗisu a cikin ɗan ƙoƙon alminiyam wanda allura ke manne da shi. Iyakar saurin juyawar maganaɗisun, iyakar ƙarfin da yake jan ƙoƙon, wani siririn sifirin kuma yana mai da allurar baya. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902.

Abin lura a nan shi ne, maleji ba ya auna hanya. Juyawar giyabos kawai yake ƙirgawa, bisa zaton cewa taya da aksalin da ke jikin motar su ne na asali.

Gwaji na farko: allura

A nemi miƙaƙƙiyar hanya marar gangare, wadda aka san tsawon kilomita guda a kanta. Direba ya riƙe allura a kan 60, yaron mota kuwa ya riƙe agogo, don kada hankalin direba ya rabu biyu. Motar da ke gudun 60 tana cin kilomita guda a cikin daƙiƙa 60 cif. In an sami wani adadi dabam, sai a raba 3,600 da yawan daƙiƙoƙin. Alal misali, in an ci kilomitar a daƙiƙa 50, gudun gaskiya 72 ne. Inda turakun kilomita suka ɓace, wayar hannu mai auna gudu ta tauraron ɗan Adam tana iya yin wannan aiki. A maimaita gwajin a kan 40.

Gwaji na biyu: lambobin nisa

A rubuta lambobin maleji, kana a yi tafiyar kilomita 10 da aka tabbatar da tsawonta, a sake dubawa. Haɗa sakamakon gwaje-gwajen nan biyu shi ke nuna inda cutar take.

1. In allura da lambobi duk sun yi kuskure iri ɗaya, agogon lafiyarsa lau. A duba taya ko aksali ko giyabos.

2. In lambobi sun yi daidai amma allura ta kauce, laifin yana cikin agogon. Maganaɗisun da ya yi sanyi yakan sa allura ta nuna ƙasa, sifirin da ya saki kuwa yakan sa ta nuna sama. Wannan aikin gwani ne, ko a gyara ko a sake agogon.

3. In allura tana rawa, musamman a ƙaramin gudu, ko ana jin ƙara a bayan agogon, wayar kebur ta bushe ko ta lanƙwashe.

4. In allura da lambobi duk sun tsaya cik, ko waya ta tsinke ko haƙoran giyan roba sun cinye. Makaniki ya kwance kebur ta wajen giyabos, ya murza wayar da yatsu. In allura ta motsa, giyan roban ne ya lalace.

Taya da aksali

Masu mota da yawa sukan sa manyan tayoyi saboda hanyoyin ƙauye da damina ke ɓatawa. Taya mai lamba 185R14 tsayinta kusan milimita 650 ne, mai lamba 195R15 kuwa kusan 690. Babbar ta fi ƙaramar cin ƙasa da kamar kashi 6 cikin ɗari a kowane juyi, saboda haka allura tana kan 80 motar tana gudun 85. Haka kuma in aka ɗauko aksalin ƙaramar motar shiga aka ɗaura wa a-kori-kura, yawan haƙoransu ba ɗaya ba ne, allura za ta ƙara faɗuwa ƙasa da gaskiya. Maganinsa shi ne a koma kan taya da aksali na asali, ko a nemi giyan roba wanda ya dace da sababbin.

Mil da kilomita

Motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobinsu na mil ne. Mil guda ya haura kilomita ɗaya da rabi, watau 1.6. Direban da ya ga 50 yana gudun kilomita 80 ke nan, wanda ya ga 80 kuwa ya kusa 130. A duba rubutun da ke fuskar agogon tun kafin a kwance kome.

Kula da kebur

A zare wayar, a wanke ta, a duba ko bakinta mai kusurwa huɗu ya side. A shafa mata giris kaɗan, amma a bar ƙarshenta na sama a bushe, domin giris in ya shiga agogon yakan rikita allura. Wajen mayarwa, kada a karya kebur ɗin, kada kuma ya taɓa salansa. Motocin da suka biyo baya ba su da kebur sai wata 'yar na'urar lantarki a jikin giyabos. A irinsu wayoyin wuta da na'urar ake dubawa, amma hukuncin taya da aksali bai sake ba.

Ana kira ga masu motoci da shugabannin tashoshi da su sa a gwada maleji duk lokacin da aka sake girman taya, ko aksali, ko giyabos. Kafin a samu halin gyara, direba ya rubuta gudun gaskiya na 50 da na 80 a 'yar takarda, ya manna kusa da agogon inda idonsa zai riƙa kai wa.