Gargaɗi Ga Masu Jiragen Fito: Kada Inji Ya Fi Ƙarfin Jirgi

Jama'a, kusan babu shekarar da za ta wuce ba mu yi zaman makokin waɗanda ruwa ya ci ba. A watan Mayu na 2021 jirgin 'yan kasuwa ya tarwatse a Kogin Kwara a kan hanyarsa ta zuwa Wara cikin Jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar aka rasa ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari ta Bagwai, a Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 'yan biki suka halaka a yankin Patigi. Yawan lodi da tafiyar dare su ne aka fi ɗora wa laifi, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani ganganci da ke yaɗuwa a bakin ruwa wanda fasinja ba ya iya ganewa da ido, wato ɗaura wa ƙaramin jirgi injin da ya fi ƙarfinsa.

Ku sani kowane jirgi yana da iyakar ƙarfin injin da zai iya ɗauka. A Amurka, tun 1972 doka ta tilasta wa kamfanonin ƙera ƙananan jirage, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, su manna wani ɗan allo kusa da mazaunin matuƙi. A jikinsa ake rubuta yawan mutane, da nauyin kaya, da ƙarfin dokin inji mafi girma da aka yarda a ɗaura. Ba da ka ake yanke wannan adadi ba, ana auna tsawon jirgin ne da faɗin katakon bayansa a yi lissafi. A jihohinsu da dama wuce wannan iyaka laifi ne, kuma kamfanin inshora yana iya juya wa mai jirgi baya ranar da tsautsayi ya faɗa masa. To jiragenmu na katako da ake sassaƙawa a bakin kogi ba su zuwa da wannan allo. Rashin allon bai ɗauke iyakar ba, ta koma bakin masassaƙin da ya haɗa jirgin ne kawai, shi ne kuwa ba a tambaya.

Abin da ke faruwa shi ne, mai jirgi ya ga na maƙwabcinsa yana yin sawu uku ranar kasuwa shi yana yin biyu. Sai ya sayar da injinsa mai doki 40 ya sayo mai 75 ɗan gwanjo, ya ɗaura a kan tsohon katakon nan da ya sha ruwa shekara da shekaru. Bai lissafa cewa na farkon nauyinsa wajen kilo 70 ne ba, na biyun kuwa ya haura kilo 100, ga jarkokin mai da dole su ƙaru. Duk nauyin nan a gindin jirgi yake taruwa. Tun kafin fasinja ɗaya ya shiga, baya ya riga ya nutse da 'yan yatsu.

Da an murɗa mai, goshin jirgi zai ɗaga sama har matuƙi ya daina ganin abin da ke gabansa. A tafkin Kainji, inda ruwa ya shanye dazuzzuka tun da aka gama madatsar a 1968, kututture yana nan kwance a ƙarƙashi yana jira, kuma karon da jirgi zai yi a hankali ya tsira, da gudu tsagewa yake yi. Idan matuƙi ya firgita ya saki mai farat ɗaya, igiyar ruwan da shi da kansa ya tayar za ta biyo shi ta afka ta bayan da ya riga ya yi ƙasa. Idan ya karya kwana da wannan gudu, jirgi ya kwanta gefe, mata da yara su ruga ɗaya gefen, shi ke nan. Ko ba a kai ga haka ba, jijjigar inji tana nan tana sassauta ƙusa, tana buɗe gaɓar katako, har ranar da allon baya zai ɓalle ya tafi da injin gaba ɗaya.

Ku dubi amalanken jaki. An yi shi daidai tafiyar jaki, da siririn ƙarfe da 'yan katakai, yana kai taki gona yana dawo da dawa lafiya lau. Wani mai gaggawa ya kwance jakin ya ɗaura ingarman doki ƙosasshe, irin na hawan salla, ya ɗora iyalinsa, ya ɗaga bulala. Dokin ba shi da laifi, ƙarfinsa ya nuna. A kwanar farko taya za ta fita, sanda ta karye, doki ya wuce da guntun igiya, mutane suna zube a kan burji. Wanda ya faɗo daga amalanke dai ƙasa ce za ta tare shi, a ɗauke shi a kai wa mai ɗori. Wanda ya faɗo a tsakiyar Kwara fa?

Kada wani ya ce mana ai in kwana ya ƙare ko da filafili ake tuƙi sai an tafi. Wannan magana ce ta mai neman mafaka, ba tawakkali ba ne. Duk wanda ya biya kuɗin fito ya zauna a jirginka, amana ce ya damƙa maka. Malamai sun yi bayani cewa ko kisan kuskure yana da diyya da kaffara, balle wanda aka gargaɗa ya toshe kunne saboda ƙarin sawu ɗaya. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to a ruwa ba bakinka kaɗai zai ƙone ba. Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu fito da ke ganin irin wannan inji suna kau da kai, su ma za a tambaye su.

Saboda haka, kafin ka canja inji ka nemi masassaƙin jirginka da makanike mai gaskiya su duba katakon baya, su faɗa maka iyakarsa, ka sa a rubuta da fenti a jikin jirgin inda kowa zai gani. Jirgin faiba na kamfani kuwa, abin da aka rubuta a allonsa shi za a bi, ba ƙari.

Sauran ƙa'idojin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedkwata a Lakwaja take nanatawa kun san su. Ba tafiya bayan faɗuwar rana. Kowa ya sa rigar kariya, har jinjiri da tsohuwa. Kada a wuce adadin lodi, kada a cusa shanu da babura cikin mutane, kada yaro ko mai maye ya riƙe inji. A yi wa jirgi rajista, a riƙa fito da shi tudu ana duba cikinsa kafin ruwa ya kawo.