DUBIYA DA JINYA: HAKKIN MAI CIWON DAJIN FATA A KANMU

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan dubiya ne da jinya. Abin da ya jawo shi kuwa wani dattijo ne manomi, a wani ƙauye da ke gefen fadamar kogin Haɗejiya, kusa da nan Ringim, wanda ɗansa ya yi karatu a hannuna. Wani baƙin tabo ne ya fito masa a tafin ƙafa, bai fi ƙwayar wake ba. Da fari ya ce ƙaya ce ta karye masa a gona. Da tabon ya fashe ya ƙi warkewa, sai mutane suka ce ai asiri ya taka. Aka yi ta turare da shafe-shafe har kusan shekara biyu, sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi sa'an nan aka kai shi asibiti a Kano. Likitoci suka ce ciwon daji ne na fata, ya kuwa riga ya bazu a jiki.

Ran da na je dubiya na tarar da zaure cike da maza, ana ta hira, kowa na faɗin maganin da ya sani. A cikin gida kuwa matarsa ce, tsohuwa, ita kaɗai ke wanke gyambon, ita ke juya shi, ita ke dafa abincin da za a fitar wa masu dubiya. Ta kwana uku ba ta runtsa ba, ba kuwa wanda ya tambaye ta. Dukanmu mun yi dubiya, amma jinyar mun bar wa mutum ɗaya. Ni ma ina cikin masu wannan laifi, Allah Ya yafe mana.

MENE NE WANNAN CIWO?

Likitoci suna kiransa melanoma. Ya kan faro ne daga ƙwayoyin halittar da ke ba fata launinta. A wajen Turawa zafin rana ne babban sanadinsa, amma a wajen baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, watau wuraren da rana ba ta cika duka ba. Alamunsa su ne tabo baƙi ko ƙasa-ƙasa wanda gefensa bai daidaita ba, launinsa ya gauraya, faɗinsa ya wuce milimita 6, yana ƙara girma, ko yana zubar da jini. In aka yi sakaci ya kan bi ta kaluluwa ya kai ga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. In kuwa aka gano shi tun yana saman fata, sau da yawa tiyata kaɗai ta kan raba mutum da shi, da ikon Allah. Wani shahararren mawaƙin Jamaika, Bob Marley, an ga ciwon a ƙarƙashin farcen ƙafarsa a 1977, aka ba shi shawarar yanke yatsan bai yarda ba, ya mutu a 1981 yana da shekara 36.

A sani kuma cewa wannan ciwo ba a ɗaukarsa. Cin abinci a kwano ɗaya da majinyaci, ko musafaha da shi, ko wanke masa ƙafa, ba sa kawo shi. Saboda haka babu dalilin ware shi a ɗakin bayan gida kamar wanda ya yi abin kunya.

TAIMAKO NA FARKO

Farkon hakkinsa a kanmu shi ne mu kai shi ga masana tun da wuri. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci sahabbai da neman magani. Addu'a ibada ce, ba wanda ya hana ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Akwai wata magana da ta yaɗu a ƙasar Hausa, wai daji ba ya son ƙarfe, in wuƙar likita ko allura ta taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana ba ta da tushe a shari'a, ba ta da shi a likitanci. Abin da ke faruwa shi ne, ba a kai mutum asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, in ya rasu bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkirinmu.

Wanda ya ga irin wannan tabo sai ya fara da babban asibitin Ringim ko wanda ya fi kusa da shi. In sun ga da bukata za su tura shi gaba, kamar Asibitin Rashid Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. A can a kan yanki ɗan nama a auna, domin ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

IN AN CE SAI AN YANKE

Wani lokaci likita zai ce sai an cire yatsa ko wani sashe na ƙafa. A nan ne zukata ke karaya, dangi su ɗauke majinyaci su koma gida. To, mu tuna da Urwatu ɗan Zubairu, ɗan 'yar'uwar Nana A'isha, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ya tafi Sham wurin Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, ciwo ya kama ƙafarsa yana ci, likitoci suka ce sai an yanke. Ya yarda aka yanke. A wannan tafiya kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu. Duk da haka malaman tarihi sun ruwaito cewa ya yi godiya ga Allah da Ya karɓi gaɓa ɗaya Ya bar masa uku, Ya karɓi ɗa ɗaya Ya bar masa sauran. Malamai sun yarda a sadaukar da gaɓa domin tsirar da rai, gama kare rai na cikin manyan manufofin shari'a. Wannan labari ya kamata mai dubiya ya ba majinyaci, maimakon labarin wane da wane da ciwon ya kashe.

LADUBBAN DUBIYA

Dubiya na cikin hakkokin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan bawanSa da ya yi ciwo bai duba shi ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Amma fa dubiya na da ladubba.

Na ɗaya, a taƙaita zama, a zaɓi lokacin da ba a wanke ciwo ko barci. Na biyu, kada a yamutse fuska ko a toshe hanci don warin gyambo, gama majinyaci na karanta fuskar kowa. Na uku, kada a ce masa wane ne ya yi masa jifa. Wannan zato ne, yana ƙara masa ciwon zuciya a kan na jiki, yana kuma raba zumunci. Na huɗu, in ya yi kuka ko ya faɗi tsoronsa, a saurare shi, kada a yi maza a ce ba shi da tawakkali. Annabi Ayuba, wanda a ke buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangiji cewa cuta ta shafe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, Allah kuwa Ya yabe shi da haƙuri a Suratu Sad. Na biyar, a tunatar da shi cikin taushi cewa Buhari da Muslim sun ruwaito ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, balle ciwon watanni.

Haka kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa mutum mai hankali halin da ya ke ciki har ya rasa damar biyan bashi, da yin wasiyya, da neman gafarar waɗanda ya ɓata wa. A nemi wanda ya fi jin maganarsa ya gaya masa da hikima, tare da kyautata zato ga Allah, domin ajali ba a hannun likita ya ke ba.

SAUƘIN IBADA

Da yawa daga majinyata su kan bar salla don ganin jikinsu ba tsarki. Wajibi ne mu sanar da su sauƙin da shari'a ta yi. Wanda ƙafarsa ke naɗe da bandeji sai ya wanke sauran gaɓoɓi ya yi shafa a kan bandejin. In ruwa zai cuce shi, ko ba zai iya amfani da shi ba, sai ya yi taimama. Jini da mugunyar da ke tsatsowa da kansu daga gyambo, waɗanda kauce musu ke da wuya, malaman Malikiyya sun ce an yi rangwame a kansu. In bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, in bai iya ba a kwance, ko da nuni ne, kamar yadda Ahalari da Risala suka yi bayani. Azumi kuma yana da damar ajiyewa. Maganin kashe zafi mai ƙarfi da likita ya rubuta halal ne a sha bisa ƙa'ida, ba ya rage ladan haƙuri.

WA KE DUBA MAI JINYA?

Nan ne muka fi gazawa. Mu duba matsayin mai jinya a Musulunci. A shekara ta 2 bayan hijira, Sayyidina Usmanu bai halarci yaƙin Badar ba, domin ya tsaya jinyar matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Annabi (S.A.W.) ya ba shi rabonsa na ganima, ya kuma shaida masa yana da ladan wanda ya halarta. A shekara ta 5 kuma, da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a yaƙin Handaƙ, a tantin Rufaida cikin masallaci aka ajiye shi, domin Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Har ila yau malamanmu sun lissafa jinyar wanda ba shi da mai kula da shi cikin uzurorin da ke halatta barin Juma'a.

Jinyar Musulmi farilla ce ta kifaya. In jama'a suka bar ta a kan mace ɗaya har ta faɗi, ba su fita ba. Saboda haka ga abin da za mu iya. Dangi su raba kwana, yau wane gobe wance, domin mai jinya ta sami barci. 'Ya'ya maza su koyi wanke ciwo da ɗaga mahaifinsu, wannan bin iyaye ne, babu ƙasƙanci a ciki. Maƙwabta su riƙa aiko da tuwo, masu dubiya su daina zama jiran akushi. Mai mota ko babur ya ɗauki nauyin zuwa Dutse ko Kano ranar ganin likita. In damina ta faɗi, matasan unguwa su yi gayya su nome gonar majinyaci, kamar yadda iyayenmu suka saba. Wanda ya san karatun boko ya raka su asibiti, ya rubuta abin da likita ya ce da lokutan shan magani. Mawadata kuma su tuna cewa matalauta da waɗanda bashi ya yi wa katutu na cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka. Iyalin da suka sayar da awaki suka jinginar da gona don magani sun fi cancanta a neme su tun ba su roƙa ba, a ba su a asirce.

In mai jinya ta gaji har ta yi tsaki ko ta yi kuka, kada a ce ta ƙosa da mijinta. 'Yar Adam ce. A karɓe ta na yini ɗaya ta je ta ga danginta. In kuma Allah Ya karɓi abinSa, kada zumunci ya ƙare ranar sadakar uku.

Dattijon nan ya rasu bayan wata bakwai a kwance, Allah Ya jiƙansa. Ya 'yan'uwa, kowa ya duba tafin ƙafarsa in yana alwala, ya duba na iyayensa tsofaffi waɗanda idonsu ya yi rauni. Wanda kuma ya san gidan da a ke jinya a unguwarsu, to, kafin Juma'a mai zuwa ya je, ya gai da majinyaci, sa'an nan ya tambayi mai jinya aikin da zai ɗauke mata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da Aljanna, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.